Girmama Iyaye ko Bautar Matattu? Rigimar da Ta Shiga Tsakanin Paparoma da Sarkin Sin

A gidan Basine na da, akwai wani lungu da ba a wasa da shi. Dogon tebur ne a jikin bango, an jera ƙananan alluna na katako a kansa, kowanne ɗauke da sunan wani da ya riga mu gidan gaskiya: uba, kaka, kakan kaka. Ranar sabuwar shekara, ko ranar zagayowar rasuwar mamaci, ko lokacin Qingming da ake fita share kaburbura a farkon Afrilu, sai babban ɗa ya tara iyali. A kunna turaren tsinke, a jera shinkafa da nama da 'ya'yan itace da ɗan kofin giya, sannan kowa ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa. To, idan wannan babban ɗa ya karɓi addinin Kirista, yaya za a yi da teburin? Ya ci gaba da durƙusa wa allon mahaifinsa, ko ya kwashe allunan ya cinna musu wuta?

Ji za ka yi kamar ƙaramar magana ce ta cikin gida. Amma sai da ta je gaban Paparoma, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta haɗa limaman cocin Katolika faɗa da junansu, ta ɓata tsakanin Roma da sarkin Sin, ta jawo aka sare kawunan mutane, kuma ba a rufe babinta ba sai a 1939, kusan shekara 300 bayan an fara kai ƙara.

Tushen maganar mutum guda ne, Matteo Ricci, ɗan Italiya daga ƙungiyar limaman Katolika da ake kira Jesuwit. Ya sauka Macau, tashar jiragen ruwa da ke hannun Fotigal a gaɓar Sin, a 1582, shekarar da ta biyo baya ya shiga cikin ƙasar tare da abokin aikinsa Michele Ruggieri, suka zauna a garin Zhaoqing. Da farko aske kai suka yi, suka sa tufafin limaman addinin Buda, a zatonsu shigar masu wa'azi ke nan a ƙasar. Sannu a hankali suka gane cewa manyan gari ba sa ganin limaman Buda da gashi. Masu faɗa-a-ji su ne malaman da suka haddace littattafan Konfushiyas, babban malamin hikima na tsohuwar Sin, suka ci jarrabawar gwamnati, aka naɗa su hakimai da alƙalai. A 1595 Ricci ya bar gashi da gemu, ya sa rigar siliki irin ta waɗannan malamai. Ya laƙanci harshen har ya rubuta littattafai da shi, ya zana musu taswirar duniya, ya kuma haɗa kai da wani babban malami, Xu Guangqi, suka fassara kashi shida na farko na littafin lissafin Euclid a 1607. Ya samu izinin zama a Beijing a 1601, kuma da ya rasu a 1610 sarki ne ya ba da filin da aka binne shi, karamcin da ba a saba yi wa baƙo ba.

Abin da Ricci ya tsaya a kai shi ne, Basine zai iya zama Kirista ba tare da ya daina zama Basine ba. Kada a ɗauka komai ya bari ya wuce. Ya yi tsayin daka wajen sukar addinin Buda da na Tao. Ya kuma ƙi yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma, ko da kuwa babban mutum ne. Li Zhizao, ɗaya daga cikin aminansa na kusa, sai a 1610 aka yi masa baftisma saboda maganar ƙwarƙwara, haka Yang Tingyun sai da ya rabu da tasa. Wato mutumin yana da iyakokinsa. Sai dai ya ware wasu abubuwa ya ce waɗannan al'ada ce ta zaman jama'a, ba ibada ba ce, kuma a kan waɗannan ne aka yi ta ja.

Ƙulli na farko shi ne suna. Da me za a kira Allah da harshen Sinanci? Tsofaffin littattafan ƙasar suna ambaton Shangdi, wato Sarkin Sama, da kuma Tian, wato Sama. Ricci ya karanta su ya ce mutanen farko na wannan ƙasa sun san Mahalicci guda, na baya ne suka ruɗa maganar, don haka ba laifi a yi amfani da sunayen nan tare da Tianzhu, ma'ana Ubangijin Sama, wanda 'yan mishan suka riga suka ɗauka. Ba a je ko'ina ba aka samu saɓani, domin wanda ya gaje shi a shugabancin mishan ɗin, Niccolò Longobardo, ɗan ƙungiyarsu ne amma bai yarda ba. Shi ya zauna da malaman zamaninsa ya tambaye su, ya ga da yawa cikinsu idan sun ce Tian ba wani Mai rai mai ji mai gani suke nufi ba, tsarin halitta kawai suke nufi. Tsoronsa shi ne mai wa'azi ya faɗi kalma da nufi ɗaya, mai sauraro ya ji ta da nufi dabam.

Bahaushe zai gane nauyin wannan tambaya idan ya tuna cewa shi an hutar da shi. Kirista Bahaushe yana buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Allah da Ubangiji, kalmomin da maƙwabcinsa Musulmi ke faɗa kullum, ba wanda ya tsaya ƙirƙiro sabuwa. A Sin babu kalmar da kowa ya yarda da ita haka. Musulmin ƙasar ma sun sha wannan wahala, malamansu irin su Wang Daiyu da Liu Zhi sun yi rubutu da yaren malaman Konfushiyas, suka riƙa cewa Zhenzhu, Ubangiji na Gaskiya.

Ƙulli na biyu Konfushiyas ne. Duk wanda ya ci jarrabawa sai ya je zauren da aka keɓe wa Konfushiyas ya rusuna, haka jami'in gwamnati yana da ranakun da dole ya je. Akwai kuma manyan bukukuwa biyu a shekara, na bazara da na kaka, waɗanda ake yanka dabbobi. 'Yan Jesuwit sun hana mabiyansu manyan bukukuwan, suka ƙyale rusunawar, suna cewa gaisuwar ɗalibi ce ga malaminsa. Ma'anar hana rusunawar a fili take: babu Kirista da zai sake zama malami ko hakimi a ƙasar.

Ƙulli na uku, wanda ya fi zafi, shi ne teburin nan na kakanni. A tarbiyyar Sin babu ɗabi'ar da ta kai xiao, biyayya ga iyaye, kuma biyayyar ba ta ƙarewa da mutuwa. Koyarwar Konfushiyas cewa ta yi a yi wa mamaci hidima kamar yadda ake yi masa yana raye. Jami'in gwamnati idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta rasu, ajiye aiki yake yi ya koma gida zaman makoki na wata 27. Wanda ya watsar da allunan iyayensa ba za a ce ya sauya addini ba, cewa za a yi ɗan banza ne mara tarbiyya, kuma hukuma na iya kama shi. Ricci ya ce abincin da ake ajiyewa ba don matattu su ci ba ne, koya wa na raye ake yi yadda za su girmama na gaba da su. Ya lura kuma cewa irin durƙuson nan da turaren ana yi wa sarki da alƙali da uba mai rai, ba wanda ya ce bauta musu ake yi.

Sai ga wasu 'yan mishan sun shigo daga Filifin a shekarun 1630, 'yan ƙungiyoyin Dominikan da Faransiskan, yawancinsu mutanen Sifen. Su ba fada suka nufa ba, ƙauyukan lardin Fujian suka shiga. Abin da suka gani a can ya tayar musu da hankali. Sun ga manomi yana roƙon kakansa ya ba shi ɗa namiji, ya kare masa gona. Sun ga an rubuta a jikin allon cewa nan ne mazaunin ruhun wane. Sun ga ana ƙona takardun kuɗi na jabu don mamaci ya samu abin kashewa a lahira. Su a wurinsu gani ya kori ji: ga bagadi, ga hadaya, ga sujada, ga roƙo, me ya rage a kira shi bauta?

A nan nake ganin gizo ke saƙar, kuma masu ba da labarin nan da yawa sukan yi wa ɓangare ɗaya rashin adalci. Duka biyun gaskiya suka faɗa game da abin da idonsu ya gani. Ɗan Jesuwit yana zaune da malami a Beijing yana karanta abin da littafi ya ce al'adar take nufi. Ɗan Dominikan yana tsugune a ƙauye yana kallon abin da tsohuwa take yi da ita. Goshi ɗaya ne ke taɓa ƙasa, amma abin da ke zuciyar masu goshin ba ɗaya ba ne. Mu ma mun san irin wannan muhawara, ko a kan durƙusa wa babba wajen gaisuwa, ko a kan sadakar uku da ta arba'in, inda wani zai ce al'ada ce wani ya ce ta shiga hurumin ibada. Bambancin shi ne, a Sin waɗanda za su yanke hukuncin suna wata duniya, wasiƙa kan yi shekara biyu kafin ta je ta dawo, kuma ba mai jin harshen a cikinsu.

Shi ya sa hukuncin Roma ya riƙa bin bakin wanda ya kawo labari. Juan Bautista Morales, ɗan Dominikan, ya je ya bayyana al'adun yadda ya gan su, aka haramta su a 1645. 'Yan Jesuwit suka tura Martino Martini ya bayyana su yadda su suka fahimta, aka halatta a 1656. A 1669 aka ce hukuncin biyu duk suna nan, kowanne ya danganta da gaskiyar abin da aka bayyana. A tsakanin nan, cikin 1659, ofishin yaɗa bishara na Roma ya rubuta wa wakilansa wata shawara mai kyau ƙwarai, cewa kada su ɗauki Faransa ko Sifen ko Italiya su kai Sin, bangaskiya kawai za su kai, kuma kada su taɓa al'adar mutane sai wadda ta fito fili ta saɓa wa addini. Matsalar dai tana nan: wa zai ce wannan ta saɓa, wannan ba ta saɓa ba?

Kada kuma a manta da abin da ke ƙarƙashin tabarma. Fotigal na ganin ita ke da haƙƙin kula da coci a gabas, Faransa na neman nata wurin, Roma na so ta karɓe ragamar daga hannun sarakuna. A Turai kuma 'yan Jesuwit na da maƙiya masu yawa waɗanda suka samu sanda a maganar Sin. A 1700 malaman tauhidi na Sorbonne a Paris suka yi tir da wasu maganganun da 'yan Jesuwit suka rubuta na yabon tsohon addinin Sinawa.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da mishan ɗin ke kan ganiyarsa. Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, ya jawo 'yan Jesuwit jiki. Su ke kula masa da lissafin taurari da kalanda, su suka yi tafinta a yarjejeniyar Nerchinsk da Rasha a 1689, kuma a 1693 da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, maganin kwinin da suka ba shi ne ya tashe shi. A 1692 ya amince da dokar da ta ba addinin Kirista damar zama lafiya a ƙasar. Har rubutun hannunsa ya ba su mai kalmomi biyu, Jing Tian, wato a girmama Sama, aka kwafa aka rataye a coci-coci.

A watan Maris na 1693 Charles Maigrot, Bafaranshe mai wakiltar Paparoma a Fujian, ya ba da umarnin a sauke wannan rubutu daga majami'un yankinsa, a daina cewa Tian da Shangdi, a kuma daina halartar bukukuwan. Maganar ta sake komawa Roma. 'Yan Jesuwit na Beijing suka yi abin da suke ganin zai kashe bakin kowa: suka rubuta fahimtarsu suka miƙa wa sarki, shi kuwa a ƙarshen Nuwamba 1700 ya tabbatar cewa haka abin yake, girmamawa ce da tunawa, ba roƙo ba ne. Kiristocin Sin da dama, ciki har da masu digirin jarrabawa, su ma suka rubuta shaidarsu suka sa hannu aka aika. Ko bishop na farko ɗan ƙasar, Luo Wenzao, wanda aka naɗa a 1685, ɗan Dominikan ne amma ra'ayinsa ya karkata ga sassauci. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Roma kuwa abin ya zama laifi: yaya za a kai maganar addini gaban sarkin da ba Kirista ba?

A ranar 20 ga Nuwamba 1704 Paparoma Clement na 11 ya yanke hukunci. Tianzhu kaɗai za a ce. Ba Kirista a bukukuwan Konfushiyas, ba Kirista a hadayar kakanni. An bar ƙofa ƙarama: ana iya ajiye allo idan sunan mamaci kawai ke jiki, ba tare da kalmar mazaunin ruhu ba. Wakilin Paparoma, Charles-Thomas Maillard de Tournon, ya isa Beijing a Disamba 1705, sarki ya karɓe shi da karamci. Da maganar al'adu ta taso, sai ya gabatar da Maigrot a matsayin masanin da zai yi bayani. A Agusta 1706 Kangxi ya zauna da Maigrot. Mutumin ya shekara kusan 20 a Fujian, amma sai da aka sa tafinta a tsakaninsu, kuma bisa rahoton 'yan Jesuwit da ke wurin, da sarki ya nuna masa haruffa huɗu da ke rubuce a bayan karagarsa, ɗaya kawai ya iya karantawa. Daga ranar sarki ya daina ɗaukar hukuncin Roma da muhimmanci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, wanda bai iya karanta ƙofar gida ba ya zo yana faɗin abin da ke cikin ɗaki.

A ƙarshen shekarar ya kafa doka: duk ɗan mishan da ke son zama sai ya karɓi takardar izini da ake kira piao, ya yi alkawarin bin hanyar Ricci da zama a ƙasar har mutuwa. Tournon ya mayar da martani daga Nanjing a farkon 1707, ya ce wanda ya bi al'adun za a fitar da shi daga coci. Limamai suka shiga halin gaba kura baya sayaki. Shi Tournon aka kai shi Macau aka tsare, a can hular kadinal ta iske shi, a can kuma ya rasu a 1710. A 1715 Paparoma ya sake jaddada hukuncin da wata takarda mai suna Ex illa die. Da aka fassara wa Kangxi ita lokacin zuwan wakili na biyu, Carlo Ambrogio Mezzabarba, a farkon 1721, sai ya rubuta da jan tawadarsa cewa Turawan nan ba su san littattafan Sin ba, kuma gara a hana su wa'azi don a huta da fitina.

Ɗansa Yongzheng ne ya aiwatar da haramcin a 1724. Ba rigimar al'adu kaɗai ta jawo ba, akwai siyasar gadon sarauta, domin wani ɗan Jesuwit, João Mourão, yana da kusanci da ɗan'uwan sarki da ake takun saƙa da shi. Aka kwashe 'yan mishan zuwa Canton, daga baya Macau, aka bar masu aikin fada kawai. A 1742 Paparoma Benedict na 14 ya rufe ƙofa da takardar Ex quo singulari. Ya soke sassaucin guda takwas da Mezzabarba ya bayar, ya wajabta wa kowane ɗan mishan rantsuwar biyayya, ya kuma hana a sake muhawara a kai.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan hukunci ba su ne suka yi gardamar ba. Addinin bai mutu a Sin ba, amma ya bar zauren malamai ya koma ƙauyuka da ɓoye, ya kuma ɗauki tambarin addinin baƙi mai raba ɗa da iyayensa. Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Koriya. Can malamai ne suka karanta littattafan su Ricci da kansu suka karɓi addinin tun kafin wani limami ya taka ƙasar. A 1790 bishop na Beijing ya aiko musu da cewa hidimar kakanni haramun ce. Shekara guda bayan haka mahaifiyar wani malami mai suna Yun Ji-chung ta rasu. Ya yi mata jana'iza irin ta Kirista, allunan gidansu kuma an ƙone su. Aka kama shi tare da ɗan'uwansa Kwon Sang-yeon, aka sare musu kai a Jeonju ranar 8 ga Disamba 1791. Biyayya ya yi ga abin da aka ce masa umarnin Allah ne, ya kuma ba da ransa a kai.

Sauyin ya zo ta inda ba a zata ba, ta Japan. A 1932 wasu ɗalibai Katolika na jami'ar Sophia a Tokyo suka ƙi rusunawa a wurin tunawa da sojoji na Yasukuni. Shugabannin coci suka tambayi gwamnati me rusunawar take nufi, ma'aikatar ilimi ta amsa cewa kishin ƙasa ne da biyayya. Roma ta karɓi wannan amsa, ta sassauta a Manchukuo, ƙasar da Japan ta kafa a arewa maso gabashin Sin, a 1935, a Japan a 1936. Sannan a ranar 8 ga Disamba 1939, shekara 148 cif bayan kisan Yun Ji-chung, a zamanin Paparoma Pius na 12, aka fitar da umarnin Plane compertum est game da Sin. Ya halatta halartar bukukuwan girmama Konfushiyas, da rataye hotonsa a makarantun Katolika, da rusuna wa gawa ko hoton mamaci ko allon da ke ɗauke da sunansa kawai. Ya kuma ɗauke rantsuwar 1742. Takardar ba ta ce na da sun yi kuskure ba, cewa ta yi zamani ya sauya ma'anar al'adun. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin daular sarakuna ta faɗi tun 1912, jarrabawar Konfushiyas kuma an soke ta tun 1905. Duk da haka yana da ciwo a ce shaidar da aka karɓa daga bakin gwamnatin Japan ita ce aka ƙi karɓa daga bakin Kangxi da Kiristocin ƙasarsa.

A 1971 Kadinal Yu Pin ya jagoranci taron girmama Sama da tunawa da kakanni a Taipei lokacin sabuwar shekara, abin ya kuma bazu. Yau a majami'un Katolika da yawa a Taiwan, bayan an idar da ibadar sabuwar shekara, akan tsaya gaban allon kakanni a miƙa turare da furanni da 'ya'yan itace, jama'a su rusuna sau uku. Paparoma Francis ya sanya Yun Ji-chung cikin masu albarka, matakin da ke kafin waliyyi, a Seoul a 2014, a 2022 kuma ya amince da matakin da ya kusantar da Ricci ga wannan daraja. Maganar suna ce kaɗai ta tsaya inda Clement na 11 ya ajiye ta: har gobe Sinawa na kiran ɗariƙar Katolika Tianzhujiao, addinin Ubangijin Sama, yayin da 'yan Furotesta, waɗanda suka yi tasu gardamar daga baya, suke buga Littafi Mai Tsarki iri biyu, ɗaya da Shangdi, ɗaya da Shen, kalmar da ke nufin abin bauta ko ruhu.